Mai tambaya ya koma mai amsawa

Bauchi, daren Asabar

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya iyali? Shirun namu ya isa haka, ga labari: na bar gidan rediyo. Wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Gombe ya ɗauke ni jami'in hulɗa da jama'a. Yi dariyarka, na san kai kake cewa aikin 'yan koren masu kuɗi ne.

Wallahi karatun jaridar da muka yi a Poli ta Tarayya da ke Gwallameji nake ci. Ka tuna Malam mai jan biro, da yake wurgo mana takarda in bai ga wa, me, ina da yaushe a jimlar farko ba? Satin farko Manaja ya miƙo min sanarwar manema labarai shafi uku, rabinta kirarin Alhaji mai kamfanin ne. Na datse ta, na ɗora labarin a sama, adadin manoman da za a sayi shinkafarsu ya biyo baya. Na san editan da labaran yamma suka ƙure wa lokaci ba ya wuce layin farko. Aka karanta ta yadda na rubuta.

Da maƙwabta suka kai kukan ƙurar buntu, Manaja cewa ya yi in ƙaryata. Na ce ranka ya daɗe, ɗan jarida zai shiga unguwar da rakodarsa, don ni ma da haka zan yi. Sai muka kira taro da masu unguwa kafin maganar ta hau iska.

Af, Auta ta haihu, namiji. An ci masa ranar suna har da rabonka, tunda kai miyar taushe ta fi ƙarfinka yanzu, ka zama ɗan amala.

Abin da ke damuna shi ne ambulan. Bayan taron manema labarai, mutanenmu na aji su ke tsayawa a ƙofa suna jiran kuɗin mota, ni kuma ni ke riƙe da jakar. Mu da muka rubuta jarrabawa kan ɗa'ar aiki tare! Na san wasunsu albashi ba ya zuwa, shi ya sa ba na iya haɗa ido da su.

Ga kuma rajistar NIPR, cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa. Tun 1963 aka kafa cibiyar, dokar 1990 kuma ta ce sai mai rajista zai yi aikin, don haka nake tara kuɗin. Ƙaninka ya zo yana tambaya, tunda hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta rarraba kwas ɗinmu na aikin jarida, hulɗa da jama'a ya zama digiri mai zaman kansa, wanne zai cika. Na ce ko wanne ya ɗauka, ya je ya zauna a ɗakin labarai tukuna, edita ya yaga masa takarda.

Akwai abin da na so tambayarka, ya shige min. Ka gai da Madam, ka ce mata har yanzu ina bin ka bashin hular nan.

Naka,
Sarkin baccin bayan aji