A Gaya Mana Abin Da Malami Ya Gano, Ba Yawan Maƙalunsa Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata al'ada da ke ƙara samun gindin zama a jaridunmu. Duk shekara idan jerin nan na masana kimiyya da ake kira kashi 2 cikin 100 na duniya ya fito, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke haɗawa daga alƙaluman Scopus, rumbun da ke tara bayanan maƙalun bincike, sai a buga hotunan malaman da sunansu ya shiga, a yi musu barka, a faɗi yawan maƙalunsu da yawan ambaton da aka yi musu. Barkar ta dace. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai karatu kan kai ƙarshen labarin bai ji abu ɗaya da malamin ya gano ba.

Ni ma'aikacin laburaren jami'a ne, kuma cikin aikina akwai taya malamai tattara waɗannan alƙaluma idan lokacin neman ƙarin girma ya zo. Na san amfaninsu, na kuma san iyakarsu. Ma'aunin da aka fi yayi shi ne wanda Jorge Hirsch, wani masanin fiziya a Amurka, ya fito da shi a 2005. Idan aka ce ma'aunin malami 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da aka ambaci kowace ɗayarsu aƙalla sau 30 a rubutun wasu. Lissafi ne mai sauƙi, shi ya sa kwamitoci ke son sa. Sai dai ba ya raba ambaton yabo da na suka. Maƙalar da Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet a 1998, wadda ta jingina otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro, ga allurar rigakafin ƙyanda, an ambace ta ba adadi, alhali abin da ke cikinta bai tabbata ba. Mujallar ta janye ta a 2010, aka kuma cire sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a shekarar. Wanda ya dubi lambobi kawai zai ɗauka babban aiki ne.

Don a ga abin da nake nufi da nauyin malami, bari in kawo mutum ɗaya a fannin garkuwar jiki da cututtuka masu yaɗuwa, wato Farfesa Brian Greenwood, ɗan Ingila da aka haifa a 1938. Maƙalun da ke ɗauke da sunansa ɗaruruwa ne, kuma ta kowane ma'auni yana sahun gaba. Amma ba zan tsaya kan wannan ba.

Ya zo Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965 yana matashin likita. A can ya lura da wani abu da littattafan da ya karanta ba su shirya shi a kai ba: cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin su wani nau'in amosanin gaɓɓai, ba su da yawa a marasa lafiyar da yake gani idan aka kwatanta da Turai. A 1968 ya buga wannan a Lancet, yana mai hasashen cewa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin cuta ne ke sauya yadda garkuwar jiki ke aiki. Tambayar ta mayar da shi Ingila ya koyi ilimin garkuwar jiki sosai, sannan a 1970 ya dawo Najeriya, ya shiga cikin waɗanda suka raini sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Shekara 10 ya yi a can.

Waɗannan shekaru 10 su ne na fi son masu karatu su sani. Shi da abokan aikinsa sun nuna a 1972 cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro garkuwarsa kan yi rauni, sannan a 1978 suka nuna cewa idan aka yi masa allurar sanƙarau a wannan hali, ba ta kama jikinsa yadda ya kamata. Sun kuma gwada hanyar gano alamar ƙwayar sanƙarau cikin sauri a ruwan da ake zuƙowa daga ƙashin baya, ba sai an jira kwanaki ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji ba. Da annobar 1977 ta faɗo wa Zariya, sun bi ta daki-daki, sun rubuta wanda ta kama da lokacin da ta kama shi. Binciken da suka yi a arewacin Najeriya ya nuna cewa mutane masu lafiya na ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro rani da damina, amma cutar ba ta tashi sai lokacin bushewa da ƙura da zafi, ta lafa da saukar ruwan farko. Bayanin da suka bayar shi ne busasshiyar iska kan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini. Kowa a ƙasar nan ya san sanƙarau cutar zafi ce. Su ne suka zauna suka nemo dalili.

Akwai maƙala ɗaya daga wancan zamani da nake yawan nuna wa matasan malamai. An buga ta a 1979 a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasashe masu zafi ta Birtaniya, wadda ba ta kai Lancet suna ba, kuma sunan da ke farko a kanta na Dokta S. S. Wali ne. Abin da ta gwada shi ne ko allura ɗaya ta maganin kuloramfenikol mai haɗe da mai, wanda ke daɗewa a jiki, za ta iya maye gurbin allurai da yawa na kwanaki. Ta iya. Duk wanda ya taɓa ganin asibiti a lokacin annobar sanƙarau, marasa lafiya kwance har a ƙarƙashin bishiya, ma'aikaci ɗaya na duba gommai, zai gane bambancin allura ɗaya da allura duk bayan 'yan awoyi. Wannan hanya ta zama abin da aka dogara da shi wajen jinyar sanƙarau lokacin annoba a faɗin yankin Sahel tsawon shekaru, kafin maganin seftiriyakson ya karɓe ta. Ma'aikacin lafiyar da ya yi wa yaro wannan allura a ƙauye bai rubuta maƙala ya ambaci kowa ba, don haka duk waɗannan yara ba su shiga lissafin Scopus ba. Kuma don a san girman abin da ake magana a kai, rahoton da Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka buga kan annobar 1996 ya ƙirga mutum 109,580 da suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu.

A 1980 Greenwood ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Birtaniya da ke can shekara 15. Gidan sauro mai magani da yau ake rabawa kyauta, akwai lokacin da manyan masana ke shakkar ko zai hana mutuwa. Binciken da Pedro Alonso ya jagoranta a ƙarƙashinsa, wanda ya fito a 1991, ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai a ƙauyukan da aka jiƙa gidajen sauronsu da magani. Da aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasar baki ɗaya, rahoton 1995 ya nuna raguwar kashi 25 cikin 100. Bayan shekaru, wani lissafi da ya fito a mujallar Nature a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da zazzaɓin sau miliyan 663 a Afirka tun daga 2000, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan albarkacin gidan sauro ne.

A Gambiyar dai aka gwada allurar rigakafin Hib, wata ƙwayar cuta mai jawo wa yara sanƙarau da nimoniya, kan jarirai fiye da 42,000, sakamakon ya fito a 1997. Gwajin allurar nimoniya kan yara fiye da 17,000, wanda aka fara a 2000 ya fito a 2005, ya nuna raguwar mace-macen yara da kashi 16 cikin 100. A lura da tazarar: shekara 5 kafin maƙala guda. Tsarin da ke neman malami ya tara takardu da yawa kafin kowane zagayen ƙarin girma yana koya masa guje wa irin wannan aiki, ya yanka ƙaramin bincike gida huɗu ya aika wa mujallu huɗu. Ina ganin hakan a teburina, kuma ba na zargin malaman, domin abin da ake auna su da shi suke bi. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Misalin da ya fi kusa da kowane gida shi ne maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina. Tunanin ya samo asali daga lura cewa a yankin Sahel yawancin zazzaɓin na zuwa ne cikin 'yan watanni, don haka idan aka kare yaro a waɗannan watanni an kare shi daga mafi yawan haɗarin shekara. Badara Cissé na Senegal ya jagoranci gwajin da aka yi a Niakhar, Greenwood na cikin marubutan, aka samu raguwar kamuwa da kashi 86 cikin 100 a rahoton 2006. Wasu gwaje-gwaje suka biyo baya a Mali da Burkina Faso da Gambiya. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 haɗin magunguna biyu duk wata a lokacin damina. A 2022 yara kusan miliyan 49 suka samu wannan magani a ƙasashe 17, kusan rabinsu a Najeriya. Mutumin bai tsaya nan ba ko da ya haura shekara 80. A 2021 shi da masu bincike na Mali da Burkina Faso suka nuna, a kan yara kusan 6,000, cewa idan aka haɗa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S kafin damina da wannan magani, kwanciya a asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani na raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 fiye da a ba da maganin shi kaɗai. A watan Oktoban shekarar hukumar ta amince da allurar.

Da gangan nake ta jero sunayen wasu tare da nasa. Babu ɗaya cikin ayyukan nan da mutum guda ya yi, kuma a ganina babban rabon tasirinsa yana cikin mutanen da suka yi aiki da shi suka zama jagorori da kansu, irin su Richard Adegbola ɗan Najeriya, wanda ya rubuta rahoton 2005 da ya nuna cutar Hib ta kusa ɓacewa a Gambiya, da Tumani Corrah da ya shugabanci cibiyar daga baya. Bayan ya koma makarantar kiwon lafiya ta Landan a 1996, Greenwood ya jagoranci shirye-shiryen da suka horar da 'yan Afirka masu digirin digirgir a binciken zazzaɓin cizon sauro. Dole kuma a faɗi gaskiya, ya samu abin da yawancin malamanmu ba su samu ba, wato cibiya mai kuɗin bincike da ba ya yankewa shekara da shekaru. Malamin da ke biyan kuɗin buga maƙala daga albashinsa ba a tsere ɗaya suke ba, kuma duk mai kwatanta lambobinsu ba tare da ya faɗi haka ba bai yi adalci ba. Lambobin yabo ya samu da dama, ciki har da ta Hideyo Noguchi ta Japan a 2008 tare da Miriam Were ta Kenya, da ta Gairdner ta Kanada a 2012.

Sanƙarau da ya fara da ita bai sake ta ba. Bayan an fara allurar MenAfriVac, rigakafin sanƙarau nau'in A, a 2010, ƙungiyar da ya jagoranta ta auna tasirinta a Chadi, inda aka yi wa mutum miliyan 1.8 allurar a 2011. Kamuwa a yankunan da aka yi allurar ta yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran ƙasar, kuma ƙwayar nau'in A ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane, wanda ke nufin allurar na kare har wanda ba a yi wa ba. Amma ƙwayar tana da nau'o'i. Nau'in C ne ya kama fiye da mutum 14,000 a 2017, akasari a arewa maso yamma. Shi ya sa Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'o'i 5 a 2024. Iyaye da yawa na tambayar me ya sa za a sake yi wa yaro allurar sanƙarau bayan an yi masa a baya, kuma amsar tana cikin irin wannan bincike, jarida ce ta kamata ta isar da ita da harshen da suke ji.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan jerin bana ya fito, wakilinka ya je wurin malamin ya tambaye shi wace tambaya ya kwashe shekaru yana bi, me ya gano, wace hukuma ko asibiti ta sauya aikinta saboda shi, kuma ɗalibansa suna ina yanzu. Akwai malamai a jami'o'inmu da ke da amsoshi masu daɗin ji ga waɗannan tambayoyi, wasunsu ma sunansu bai taɓa shiga jerin ba. Sannan cikin likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da suka yi aikin sanƙarau a Zariya tsakanin 1970 da 1980, waɗanda ke raye sun manyanta. Ya kamata a neme su a yi hira da su tun suna iya ba da labarin da bakinsu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin laburaren jami'a