Wasiƙa daga Lids kan takubban sojan doki

Assalamu alaikum mutumina Habibu,

Ya gida ya aiki, ya su Hajiya da yara, ya kuma akawalin nan naka, ƙafar ta warke kuwa? Mu nan Lids ta Ingila alhamdulillah, sanyi ne dai ba a cewa komai.

Kasan ka daɗe kana min naci in leƙa gidan tarihin makaman nan Royal Armouries, to na je, kuma wallahi tun ranar abin ya shige min rai har na koma bin gwanjon tsofaffin takubba a intanet. Ni ba masu adon zinaren ne suka tafi da hankalina ba, takubban gwaji ne na sojan doki, irin waɗanda ake ƙera 'yan kaɗan a raba wa wasu rundunoni su gwada su kawo rahoto, in an ce ba su yi ba a jibge su a sito. Samfuran makaman gwamnati da a da ake ajiyewa a masana'antar Enfield ma nan Lids aka kwaso su a 2005.

Tushen maganar duk gardama ɗaya ce da Turawan nan suka shekara sama da ɗari suna yi, wai mutum yana kan doki a sukwane, sara ya fi ko suka? A 1796 wani hafsan sojan Ingila Le Marchant ya haɗa kai da maƙerin Bamingam Henry Osborn suka fito da takobi mai lanƙwasa wanda ruwansa ke ƙara faɗi wajen baki, na sara ne zalla, kuma ya yi suna har Jamusawan Furushiya suka kwaikwaye shi a 1811. Shi Le Marchant ɗin a yaƙin Salamanka aka kashe shi a 1812 yana jagorantar mahaya. Bayan nan sai aka shiga neman takobin da zai yi duka biyun, aka yi na 1853, aka yi na 1885, na 1890, na 1899, kowanne sojoji sai sun yi ƙorafi. A yaƙin Sudan na 1884 zuwa 1885 har abin kunya aka yi, takubba da banati suna lanƙwashewa a hannun sojoji ana tsakiyar faɗa, jaridu suka yi ca. Na 1899 kuma da aka je da shi yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu mahaya suka ce ƙotar na zame musu a hannu, ga nauyi.

To a nan ne aka zauna kwamiti, aka yi ta ƙera na gwaji ana canja ƙota ana canja tsawo, har aka tsaya kan na 1908, miƙaƙƙe siriri mai tsini, ruwansa inci 35, na suka kawai. Sarki Edward na bakwai da ya gan shi cewa ya yi mummuna ne, da ƙyar ya sa hannu. Na riƙe guda a wata kasuwar masu tara kayan soja, Habibu ka ga ƙotar kamar ta ƙaramar bindiga, baƙar roba ce mai zane-zane, akwai ɗan lotsawa a sama inda babban yatsa ke zama, ga faffaɗan ƙarfe ya rufe bayan hannu gaba ɗaya. Kana miƙa hannu tsinin da kansa yake daidaita da idonka, ba ka buƙatar kai sara, gudun dokin ne zai yi aikin. Ni a ganina an zalunci takobin nan da aka ce masa mummuna. Sai dai ya zo a makare, shekara 6 tsakani aka fara yaƙin duniya na farko, bindiga mai jigida da wayar ƙaya suka tare wa doki hanya.

Amurka ma haka suka bi, suna da nasu na gwaji kafin su tsaya kan na 1913 wanda George Patton, janar ɗinsu na yaƙin duniya na biyu, ya zana tun yana ƙaramin hafsa, bayan ya yi gasar Olamfik a 1912 ya wuce makarantar sojan doki ta Somur a Faransa ya ƙaro ilimin takobi. A 1934 aka daina ba mahaya shi, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka yayyanka da yawa aka yi wuƙaƙe da su, abin yana min ciwo gaskiya.

Wajen saye ne ake kuka. Tunda na gwaji ba su da yawa kuma suna tsada, duk ɗan kasuwar da ya haɗa ruwan wani takobi da ƙotar wani sai ya rubuta na gwaji ne. Wani ya so ya yi min haka, lambar da ke kan kube daban, ta takobin daban, ƙarshen ƙotar kuma ka ga sabon bugun guduma. Masu abin sun koya min in fara duba gindin ruwan, tambarin kibiya na gwamnati, harufan EFD in na Enfield ne, sunan maƙera irin su Wilkinson ko Mole, da shekarar da aka buga, sannan a nemi takardar da ta nuna inda ya fito. In babu, ka riƙe kuɗinka.

Yauwa, ga abin da ya sa na zauna rubuto maka. Wasu ruwan takubban sojan Ingila a Solingen ta Jamus aka ƙero su, kuma Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa kusan ruwan takobi 50,000 ke shigowa kasuwar Kano duk shekara ta Sahara, yawanci daga Solingen ɗin, maƙeranmu su sa ƙota dukawa su ɗinka kube. Takobin kakanku da Baffa ke ratayawa ranar hawan sallah, dan Allah ka zare shi a hankali ka ɗauko min hoton gindin ruwan gaba da baya cikin hasken rana, musamman in ka ga tambarin jinjirin wata biyu ko wata dabba tana gudu. Kuma ka roƙi Baffa kar ya bari yara su goge shi da yashi ko toka, tsumma da ɗan mai sun isa, in ɗan gwangwan ya zo taya shi a ce ba na sayarwa ba ne.

Ka gaida Hajiya sosai ka ce ta sa ni a addu'a, ina jiran hotunan ta WhatsApp.

Naka,
Nasiru