Zuwa ga aminina a Damagaram, kan faifan da ya ƙi yin fili

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da yara duka. Ya aiki, ya zafi? Mu nan Kano sai godiya. Ka gaishe min da Hajiya da kyau, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso. Ka ce faifan ajiyar ofishinku ya cika, ka bi ka goge fayilolin da ka ga sun maimaitu, amma fili bai ƙaru ba ko ƙiris. Don Allah ka dakata da gogewar nan tukuna. Zatona abin da kake ɗauka kwafi, fayil ɗaya ne mai sunaye da yawa.

A Linux, sunan fayil ba a jikinsa yake ba. Kowane fayil yana da ɗan bayani da ake kira ainod, inda ake rubuta girmansa, da mai shi, da wanda aka yarda ya karanta ko ya canza shi, da lokutan da aka taɓa shi, da wuraren da abin cikinsa yake kwance a faifai. Suna kam babu shi a nan. Folda ce ke riƙe da suna, kuma ita ɗin jeri ce kawai: suna kaza, lambar ainod kaza. Tun Unix ɗin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs a 1969 ake tafe da wannan tsari. Kamar gida ne mai ƙofar gaba da ta baya. Ka toshe ɗaya, gidan na nan tsaye da kayansa. Sai sunan ƙarshe ya tafi, kuma babu manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe, sannan fili ke dawowa.

Shiga foldar ka buga ls -li. Lambar farko a kowane layi ita ce ta ainod. Bayanta sai izini, sai wata 'yar lamba da mutane ba su cika kula da ita ba, alhali ita ce ke gaya maka yawan sunayen da fayil ɗin yake da su. In ka ga 1, suna ɗaya ne. In ka ga 7, akwai wasu shida a wani wuri. Amma ls folda ɗaya yake nunawa, kai kuwa jerin faifan duka kake so, lamba da hanya a layi ɗaya:

find /ajiya -xdev -type f -printf '%i %n %p\n' | sort -n > /tmp/jeri.txt

Ka sa sunan taka foldar a madadin /ajiya. Jerin zai shiga fayil ɗin /tmp/jeri.txt. Da yake an jera bisa lamba, duk hanyoyin da ke kai wa ga fayil ɗaya za su zo a haɗe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. In masu suna fiye da ɗaya kaɗai kake nema, ƙara -links +1 bayan -type f.

Kada ka cire -xdev ɗin nan, shi ke hana find tsallakawa wani faifan. Lambar ainod a cikin ɓangaren faifai ɗaya kawai take da ma'ana. Kowane ɓangare mai ext4 (wani tsarin jera fayiloli a faifai), foldarsa ta tushe lamba 2 ce, foldar lost+found kuma yawanci 11. Saboda haka in find ya tsallaka wani faifan, za ka ga lambobi iri ɗaya a kan fayilolin da babu abin da ya haɗa su, ka ɗauka tagwaye ne. Nan ne ake tafka asara.

Ka ambaci cewa wanda ya riƙe aikin kafin kai ya bar foldoji masu suna daily.0, daily.1 har gaba. Wannan aikin rsnapshot ne, wata manhaja mai ajiye kwafin fayiloli lokaci-lokaci. Fayil ɗin da bai canza ba tun jiya, ba ya sake kwafarsa, sabon suna kawai yake ba shi a foldar yau. Ni a ganina dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana rikita wanda ya gaji na'urar ba tare da an yi masa bayani ba. Ka goge suna ɗaya daga cikin bakwai, ba ka samu komai ba, sai dai ka ɓata ajiyar wannan rana.

In ka riga ka san lamba, a ce 524301 ce, find /ajiya -xdev -inum 524301 zai fito maka da duk hanyoyinta. Da wannan ma ake kawar da fayil mai sunan da ya ƙi bugawa, irin waɗanda haruffan Faransanci ko na Larabci suka rikiɗe suka koma alamun tambaya. Ƙara -exec rm -i {} \; a ƙarshe, zai tambaye ka kafin ya goge.

Abu biyu kuma ka duba. Buga lsof +L1, ko akwai ƙaton fayil da aka goge amma wata manhaja tana riƙe da shi. Sai df -i, mai nuna yawan ainod da suka rage, domin ext4 tun ranar da aka tsara faifai yake yanke yawan ainod ɗinsa, bisa al'ada ɗaya ga kowane bayit 16384. In ƙananan fayiloli sun yi yawa, ainod na iya ƙarewa fili na nan, na'ura ta ce maka babu wuri. XFS, wani tsarin daban, ba ya yin haka, yana ƙara su ne gwargwadon buƙata. Filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT kuwa ba shi da ainod na gaske, Linux ne ke ƙirƙira lambobin, don haka kada ka dogara da su.

Ka turo min abin da df -h (mai nuna filin da ya rage) da df -i suka nuna, da layuka kamar ashirin daga tsakiyar jeri.txt, mu duba tare ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Wassalam,
naka amini.