Wasiƙa zuwa Malabo: Ta Ina Ake Kama Sifaniyanci

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yan'uwanmu Hausawan Malabo. Saƙonka ya iso. Ka ce ɗan Faransancin da ka je da shi bai fisshe ka a kasuwa ba, kowa Sifaniyanci yake yi maka. Ai dole, sai a 1968 ƙasar, Equatorial Guinea, ta fita daga hannun Sifaniya, kuma har yau da harshen ake makaranta da ofis. Kwantar da hankalinka, Hausarka ta riga ta share maka rabin hanya.

Wasulansu biyar ne kacal, a e i o u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Harafin h ba a furta shi, saboda haka hola “ola” ce. Shi j daga maƙogwaro yake fitowa, kamar ha mai ruwa da muka karanta a allo: trabajo, aiki. Mañana, gobe, “manyana” za ka ce. A kula da kaɗa harshe: pero amma ke nan, perro kuwa kare.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe shi ne p, don a bakinmu da ita da f duk ɗaya ne. A can pila batir ne, fila layin jira. Tsaya gaban madubi: a p leɓɓa su haɗe gam sannan su buɗe, a f haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Minti biyar kullum har mako biyu, za ta zauna.

Namiji da mace a sunayen abubuwa ba baƙon abu ba ne gare ka. Yadda yawancin kalmominmu masu ƙarewa da a mata ne, haka nasu: la mesa, tebur, el libro, littafi. Sai dai akwai masu bijirewa, irin su el día, el problema da la mano. Don haka kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka, haɗa shi da el ko la ka haddace su tare. Kalma 10 a rana ta isa, kuma daga kayan rumfarka za ka ɗauko su. Wasu ma za su yi maka kama da na gida, don Musulmi sun yi mulki a Andalus, yankin Sifaniya, daga 711 zuwa 1492: azúcar sukari, alcalde kuwa tushensa ɗaya da alƙalinmu, ko da yake yanzu magajin gari ake nufi da shi.

Aikatau ne zai ci maka lokaci. Mu a gaba muke nuna mai yi, ina, kana, muna, su kuwa a wutsiya. Hablar, yin magana: hablo ina magana, hablas kana magana, habla yana ko tana magana, hablamos muna, hablan suna. Ka ƙware a hablar, comer (ci) da vivir (rayuwa), sauran masu bin ƙa'ida duk a kansu ake auna su. Kunnenka ya saba da karin sauti, to sa shi aiki: hablo da ƙarfi a farko “ina magana”, habló da ƙarfi a ƙarshe “ya yi magana”. Shuɗaɗɗen lokaci bar shi tukuna. Na gaba mai sauƙi ne, voy a comprar daidai yake da “zan saya”.

Sai ser da estar, aikatau biyu masu nufin “kasancewa”. Ser na asali da sana'a ne, soy comerciante, ni ɗan kasuwa ne. Estar na wuri da halin da ake ciki, estoy en el mercado, ina kasuwa, estoy cansado, na gaji. Kada ka musanya su: está aburrido zaman ya gundure shi, es aburrido shi ne mai gundurar mutane. Yunwa da shekaru kuwa mallakarsu ake yi: tengo hambre, “ina da yunwa”, wato ina jin yunwa.

Lambobi ka riƙe su da kyau tun da sefa ake ƙirgawa. Sesenta 60, setenta 70, harafi ɗaya ya raba su. Quinientos 500, cinco mil 5,000. In ba ka ji ba ka ce más despacio, por favor, a sassauta. Dattijo da jami'i usted, “kai” ta girmamawa, za ka ce musu, tú ta sa'o'inka ce.

Turo mini muryarka kana faɗin pila da fila in ji. A gaida mutanen gida.

Naka, amininka.