A ba mu cikakken tarihin Margrethe Vestager

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamar sakandare ce mai koyar da tattalin arziki. Roƙona shi ne ku ware fili guda a jaridarku don Margrethe Vestager, 'yar ƙasar Denmark, saboda ɗalibaina mata sun sha tambayata ina wannan karatu yake kai mutum.

An haife ta a 1968, iyayenta duka limaman coci ne. Ta kammala karatun tattalin arziki a Jami'ar Copenhagen a 1993, kuma kafin ta cika shekara 30 ta zama minista. Amma abin da ya ɗaure ni da ita ya faru ne bayan 2014, da aka naɗa ta kwamishinar Tarayyar Turai mai hana manyan kamfanoni danne kasuwa.

A 2016 ta ce dole ne kamfanin Apple na Amurka ya biya ƙasar Ireland bashin harajin Yuro biliyan 13. Bincikenta ya nuna cewa a 2014 Yuro 50 kacal reshen kamfanin ya biya a kan kowace ribar miliyan ɗaya. Ranar da na rubuta wannan lissafi a allo, ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta ce mahaifiyarta mai sayar da atamfa ta fi su biya. A 2020 kotu ta soke hukuncin, aka ce ta sha ƙasa. Ba ta karaya ba, ta ɗaukaka ƙara, har babbar kotun Turai ta ba ta gaskiya a Satumbar 2024. Shekara takwas ke nan!

Masu cewa Amurkawa kawai take tsana su tuna cewa a 2019 ta hana kamfanin Siemens na Jamus da Alstom na Faransa haɗe harkokinsu na jiragen ƙasa, alhali gwamnatocin Jamus da Faransa na matsa mata lamba.

Ba na cewa ba ta da aibi. A gida ta kafe a kan rage wa'adin tallafin marasa aiki daga shekara 4 zuwa 2, kuma talakawa da dama sun ji jiki. Wata ƙungiyar ƙwadago ta aika mata da sassaƙen hannu mai yin irin daƙuwar Turawa, ita kuwa ta ajiye shi a ofishinta. Wannan ma ku sa shi, don yaran su gan ta yadda take.

Idan kun buga, zan yanke shafin in liƙa a bangon ajinmu.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum, daga Zariya