Majo yana rubuta magani, a ba shi ma'auni da horo

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ana ta gardama ko ya halatta wanda ba likita ba ya rubuta takardar magani. A jihar Damagaram wannan gardama ta makara. Daga Mirriya har Tanut, wanda ke zaune a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, majo ne (ma'aikacin jinya) ko ungozoma, kuma su ke rubutawa tun da daɗewa. Abin da ya kamata a duba shi ne iyakarsu da kayan aikinsu.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Ka'ida ita ce a yi gwajin TDR, wato gwajin jini na nan take, tukuna, sannan a ɗora yaro kan ma'auni. Coartem, maganin wannan zazzaɓi, da nauyi yake tafiya: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 huɗu, sau biyu a rana har kwana uku, sha na biyu bayan awa 8. Idan ma'auni ya lalace sai a koma kintace da ido, kuma yaron da tamowa ta ci ya fi kowa ruɗar ido. Ko a cika masa, ko a rage masa ciwo ya dawo.

Tari ma haka. Ana ƙirga numfashi minti ɗaya cur: sai ya kai 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sannan a ba da amoxicilline, maganin ƙwayoyin cuta. Wanda bai ƙirga ba, kowace mura sai ya zuba mata maganin ƙwayoyin cuta, don uwa ta matsa. Gobe maganin ya daina ci.

Ungozoma kuwa, kada a ba ta sulfate de magnésium na jijjigar masu ciki ba tare da gluconate de calcium, makarinsa idan ya yi yawa, a kusa ba, kuma ta san duba numfashi, fitsari da motsin gwiwa kafin ta ƙara allura.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya: a manna jerin magungunan da kowane mataki zai iya rubutawa a bangon ɗakin duba marasa lafiya, tramadol ba ya ciki. Makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP da ke Damagaram ta riƙa kiran tsofaffin ɗalibanta sabunta karatu, likitan gunduma kuma ya riƙa buɗe rajista yana karanta abin da aka rubuta, ba ya sa hannu ya shiga mota ba.

Wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram