Bromin Ɗin Teku da Shimfiɗar Ozon

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili kan wani lamari da ba a cika tattaunawa ba. Ciyayin teku na fitar da sinadaran bromin, irin su bromofom, waɗanda ba sa kai wata shida a iska. Amma a yankuna masu zafi, musamman yammacin tekun Fasifik, hadari mai ƙarfi na cilla su sama cikin sauri har su kai shimfiɗar ozon, wadda ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, kafin su lalace. A can, ƙwayar bromin ɗaya tana yi wa ozon ɓarnar da ta ninka ta kulorin, wani sinadarin da ke lalata ozon, kusan sau 60.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta taƙaita sinadaran da ke lalata ozon, ba ta haɗa da su ba. Abin ya dame ni ƙwarai, musamman yanzu da ake faɗaɗa noman ciyayin teku. Ya kamata a sa ido sosai.

Naku,
Wani mai karatu